Maki Nawa Ka Ba Fim Ɗin, Kuma Don Me?

Duk wanda ya san Kinkinau da maƙwabtanta irin su Unguwar Mu'azu da Tudun Wada ya san ba a rasa masu kallon fim a cikinsu, ba a kuma rasa masu yanke wa fim hukunci. A teburin mai shayi, a shagon aski, a gidan kitso, a bakin shagon masu tura fina-finai a waya, har a cikin Keke Napep ɗin da ke bin titin Nnamdi Azikiwe, da zarar sabon kashi na wani shiri ya fito, kafin a kwana biyu an gama shari'arsa. Abin da ke damuna shi ne gajartar hukuncin. Yawanci ba ya wuce ɗaya daga cikin maganganu uku: "ya haɗu", ko "akwai darasi a ciki", ko "shirme ne kawai". Wanda ya saba da intanet yakan ƙara da lamba, ya ce ya ba shi takwas cikin goma. Idan ka tambaye shi ina biyun suka tafi, sai ya yi dariya ya ce haka dai ya ji a ransa.

Ba ƙarancin basira ne ya jawo haka ba. Waɗannan matasan su ne dai suke fitowa daga gidan kallon ƙwallo su shafe awa guda suna warware wasan Arsenal da Manchester United: wa ya bar gurbinsa, me ya sa koci ya makara wajen canji, a minti na nawa tsakiya ta mutu. Uwargidan da za ta ce fim ya yi kyau ta yi shiru, ita ce za ta ɗanɗana miya sau ɗaya ta gaya maka daddawa ta yi yawa, kuma ba a kaɗa kukar da kyau ba shi ya sa ta yi gudaji. Wanda tela ya ɓata wa ɗinki kuwa ba ya tsayawa a kan "rigar ba ta yi ba". Sai ya nuna wuyan da ya yi faɗi da aljihun da ya karkace. Mu mutane ne da suka iya kawo dalili. Fim kaɗai muka ware muke auna shi da ka.

Ra'ayina shi ne, makin da ba shi da "saboda" a bayansa bai amfani mai kallo ba, bai amfani mai shirya fim ba, kuma a yadda kasuwar ta koma yanzu, yana cutar da labarin Hausa kansa.

Mai kallo ya zama dillali

Tun daga *Turmin Danya*, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, har zuwa ƙarshen zamanin faifan CD, akwai mutane tsakanin mai shirya fim da mai kallo. Dillalan kasuwar Ƙofar Wambai su ne suke cewa wane fim za su saya, wane jarumi ne fuskarsa ke sayar da kwali, waƙa nawa za a sa. A unguwa kuma akwai mai shagon haya, wanda shi ne mai sharhin farko da yawancinmu muka sani. Za ka ce masa wanne ne mai kyau, ya zaro maka kaset, kuma ya san idan ya cuce ka sau biyu ba za ka dawo ba.

Wannan kasuwa ta mutu. Satar fasaha da tura fim a waya sun cinye ta. Tashar Arewa24 ta zo a 2014, ta kawo *Daɗin Kowa* a 2015 da *Kwana Casa'in* a 2019, mutane suka saba da bin labari mako-mako. A 2020, shekarar kullen korona, *Izzar So* da *Labarina* suka fito, harkar ta karkata gaba ɗaya zuwa fina-finai masu dogon zango, YouTube kuma ya zama babbar kasuwa. A wannan kasuwa kuɗi na shigowa ne ta hanyar talla, talla kuwa tana bin yawan masu kallo da tsawon lokacin da suka zauna. Bidiyon da ya kai minti takwas ana iya cusa masa talla a tsakiya, don haka duk yadda kashi ya ƙara tsawo, wurin talla ya ƙaru, duk yadda zango ya ƙaru, makonnin samu sun ƙaru.

Ma'anar wannan ita ce kujerar dillalin Ƙofar Wambai yanzu mai waya ne ke zaune a kai. Yarinyar da ke kallo a tsakar gida a Kinkinau da saurayin da ke kallo a bakin shago su ne suke gaya wa furodusa abin da zai sake yi baɗi. Tunda kiɗa ya canza, ya kamata rawa ma ta canza, amma har yanzu da awo uku muke auna fim, kuma babu ɗaya daga cikinsu da yake taɓa fim ɗin kansa.

Awo na farko: mutum nawa suka kalla

Idan gardama ta yi zafi tsakanin masoyan shiri biyu, hujjar ƙarshe ita ce a zaro waya a nuna lamba: wannan ya samu miliyan a kwana kaza, naku fa? Lambar nan tana faɗin abu ɗaya tak, wato sau nawa aka buɗe bidiyon. Wanda ya kalla yana hawaye da wanda ya kalla yana tsaki, da wanda barci ya kwashe wayar na kan ƙirjinsa, duk ƙidaya ɗaya ake yi musu. Tun watan Nuwamban 2021 ma YouTube ya ɓoye adadin waɗanda suka danna alamar rashin so, saboda haka abin da ido ke gani a fili yabo ne kawai.

Ban da haka, lambar ba ta san da ɗimbin masu kallo ba. Duk wanda ya kai wayarsa shago aka tura masa kashi goma a kan kuɗi kaɗan don ya huta da sayen data, ba ya cikin lissafi, alhali a unguwanni irin namu su ba kaɗan ba ne. Kuma akwai kallon da sabo ne kawai yake jan sa. Wanda ya bi labari kashi sittin ba zai iya bari a na sittin da ɗaya ba ko da ya gaji, don yana son ya ga ƙarshe. Furodusa kuwa yana ganin lamba ba ta sauka ba, sai ya fahimci cewa jan labarin da yake yi daidai ne. Mu ne muke ƙorafin an cika ja, mu ne kuma muke biyan ladan jan.

Awo na biyu: akwai darasi

Wannan shi ne awon da ya fi ƙarfi, kuma yana da tarihi. Masana'antar fim ta Hausa ta girma ne tana kare kanta. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano a 2001. Daga 2007, zamanin shugabancin Abubakar Rabo Abdulkarim, an kama 'yan fim, an ɗaure wasu, da yawa suka kwashe aikinsu zuwa Kaduna da wasu garuruwa. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Kofa ta jihar Kano bayan malamai sun yi ca a kai. Mutumin da kullum ake zarginsa da ɓata tarbiyya, dole ya nemi garkuwa, garkuwar ɗan fim kuwa ita ce kalmar "faɗakarwa". Da wuya ka ji hira da jarumi bai ce faɗakarwa suke yi ba.

Mai kallo ma ya ari garkuwar. Magidancin da ya shafe awa guda a kan waya yana jin nauyin a ce ya ɓata lokaci, sai ya ce ai akwai darasi a ciki. Da haka muka ɗauki ma'aunin hukumar tacewa muka mai da shi namu. Hukuma aikinta ta duba ko an karya doka ko an keta al'ada. Ba aikinta ba ne ta duba ko labari ya tsaru, kuma fim yana iya tsallake ta lafiya lau alhali ba shi da daɗin kallo ko kaɗan.

Ba ni da rigima da darasi. Adabinmu cike yake da shi tun daga tatsuniya. *Magana Jari Ce* na Abubakar Imam ya kusa shekara casa'in ana karanta shi, kuma kusan kowane labari a ciki yana da abin da yake koyarwa. Amma abin da ya riƙe littafin a hannun mutane shi ne wayon aku da daɗin zance da iya ƙulla labari. Littattafai nawa aka rubuta masu nasiha irin tasa ko fiye, waɗanda yau ba mai tuna sunansu? Darasi kowa na iya faɗarsa. Kowa ya san cin amana ba kyau, girman kai rawanin tsiya ne, haƙuri maganin zaman duniya. Gwanintar marubuci tana wajen sa ka ji abin a jikinka kamar yau ka fara saninsa.

Saboda haka tambayar da ta dace ita ce, ta wace hanya darasin ya iso gare ka? Idan jarumi ya tsaya ya fuskanci kyamara ya yi minti biyar yana nasiha, wannan wa'azi ne, kuma muna da malaman da suka fi shi iyawa, ga su nan a masallatan Kaduna kowace Juma'a. Idan kuwa ka ga mutum ya zaɓi hanya, ka fahimci dalilinsa har ka ji da kai ne ma da haka za ka yi, sannan ka ga inda hanyar ta kai shi, to fim ya yi aikinsa.

Awo na uku: namu ne

Na uku shi ne so da ƙi. An daɗe ana raba masu kallo gida biyu, na Ali Nuhu da na Adam A. Zango, kuma yau ma kowane jarumi da rundunarsa. Masoyi ya gama ba fim goma cikin goma tun daga fosta. Wani kuma rayuwar jaruma a waje yake aunawa. Tun da ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau, 'yar Kaduna, a 2016 saboda bidiyon waƙar da ta fito a ciki da mawaƙi ClassiQ, akwai waɗanda ba su sake kallon aikinta da idon adalci ba, ko don su yaba ko don su kushe. *Mati a Zazzau*, wanda ta shirya ya fito a 2020, ya cancanci a tattauna shi a matsayin fim ɗin barkwanci, a ce ga inda ya ba da dariya, ga inda ya yi sanyi. Sau da yawa zancen bai kai nan ba, a kanta ake tsayawa.

Irin wannan ne ya faru da *Mai Martaba* na Prince Daniel Aboki, wanda Najeriya ta miƙa a 2024 don gasar Oscar a rukunin fina-finan ƙasashen waje, kamar yadda ta miƙa *The Milkmaid*, wanda shi ma akasarin maganarsa Hausa ce, a 2020. Murna ta dace, don ba ƙaramin abu ba ne a zaɓi fim ɗin Hausa ya wakilci ƙasa. Sai dai yabon ya riga kallon nesa ba kusa ba. Fim ne na sinima, ba a kan kowace waya yake ba, amma mutane da yawa sun ba shi maki daga ɗan tallan da suka gani. Da aka fitar da jerin fina-finai 15 da suka tsallake zagayen farko ba ya ciki, sai zancen ya mutu. Alfahari ya zo ya wuce, fim ɗin bai samu nazarin da zai amfani wanda zai yi irinsa gaba ba.

Wannan awo yana da illa biyu. Ta farko, ya sa duk wanda ya yi suka sunansa maƙiyi ko ɗan hassada, sai masu hankali suka zaɓi yin shiru. Ta biyu, ya ɓoye waɗanda suke gina fim ɗin. Gwada tambayar masu kallo goma wa ya rubuta shirin da suke so. Sunaye irin su Ibrahim Birniwa, Nazir Adam Salih, Fauziyya D. Sulaiman da Yakubu M. Kumo ya kamata su zama sanannu kamar na jarumai, domin maganar da jarumi ya faɗa ta burge ka, wani ne ya kwana yana rubuta ta, kuma idan labari ya ɓace hanya, daga teburin rubutu ya fara ɓacewa.

Ga nawa makin, ga dalilaina

Ba daidai ba ne in nemi mutane su kawo dalili ni in ɓoye nawa. Ga shirye-shirye huɗu da kusan kowa ya gani.

*Gidan Badamasi*, zangon farko: takwas. Falalu A. Ɗorayi ya ba da umarni, Nazir Adam Salih ya rubuta. Attajiri ne mai rowa, ya yi aure-aure ya tara 'ya'ya bai kula da su ba, ga su sun girma sun kewaye shi kowa na hangen dukiya. Babu wanda ya tsaya yi mana lacca a kan auri-saki ko haihuwar da ba tarbiyya, amma duk wanda ya kalla ya ga sakamakonsu a tsakar gida ɗaya. Kowane ɗa da bakinsa: ko ka rufe ido ka san Ɗankwambo ne ke magana ko Bazuka. Dariyar daga halin mutanen take fitowa. Na cire biyu saboda ihu yakan yi yawa har ya danne zance, kuma akwai barkwancin da aka maimaita har ya sane.

*Kwana Casa'in*, zangunan farko: takwas. Ƙarfinsa shi ne ya gina jiha sukutum, Alfawa, da gidan gwamnatinta da asibitinta da 'yan jaridarta, ya nuna yadda abin da aka ƙulla a ofis yake fashewa a kan talaka. Sani Mu'azu ya yi Bawa Maikada a matsayin mugun da ke da kwarjini da iya magana, irin wanda za ka gane dalilin da ya sa mutane ke bin sa. Ado Ahmad Gidan Dabino kuma ya yi Malam Adamu, mutumin kirkin da ya gane cewa kyakkyawar niyya kaɗai ba ta riƙe mulki. Wannan shi ne darasin da ya zo ta ƙofar labari. Biyun da na cire na yawan rassa ne: da tafiya ta yi nisa an buɗe ƙananan labarai fiye da yadda za a iya rufewa.

*Labarina*, labarin Sumayya: bakwai. Aminu Saira ya san inda ake ajiye kyamara, ya san amfanin shiru, hotonsa da sautinsa sun ɗaga darajar shirye-shiryen Hausa. Nafisa Abdullahi ta riƙe Sumayya da nutsuwa. Rabi'u Rikadawa kuwa, a matsayin Baba Ɗan Audu, ya nuna abin da nake nufi da gwaninta: mutum ne mai son abin duniya da zaƙin baki, ba ka yarda da shi ba amma ba ka so ya bar allo. Inda shirin ya yi rauni shi ne lokacin da labari ya koma bin abin da ke faruwa a bayan kyamara. Da Nafisa ta fita a 2022, an yi ta kewaye-kewaye kafin a miƙa matsayin ga Fati Washa, kuma mai kallo yana jin cewa ba labarin ne ya buƙaci wannan kewayen ba. Sabon labarin Mainasara, wanda Sadiq Sani Sadiq ya ja, na ba shi shida. Wasan ya yi kyau, amma attajirin da ya ɓoye arzikinsa don gwada mata tsohuwar dabara ce, kuma tana tafe da wani zato da ba a bincika ba, cewa mace ce kullum abar gwaji, namijin da ya yi mata ƙarya kuwa ba a tambayarsa.

*Izzar So*: biyar. Na san wannan makin zai ɓata wa mutane da yawa rai, don haka bari in fara da haƙƙinsa. Lawan Ahmad da marigayi darakta Nura Mustapha Waye, Allah ya jiƙansa, sun nuna wa masana'antar cewa ana iya rayuwa a YouTube, kuma sun riƙe masu kallo mako bayan mako na tsawon shekaru. Wannan ba wasa ba ne. Matsalata da Umar Hashim ce. An yi shi mutum marar aibi, mai amsar kowace tambaya, wanda gaskiya ke gefensa tun kafin a fara gardama. Mutumin da ba zai iya kuskure ba, ba ka jin tsoron abin da zai same shi, kuma inda babu wannan tsoron babu abin da ke riƙe zuciya. Shi ya sa ran shirin yake wajen Nafisa ta Aisha Najamu, domin ita ce mai girman kai, ita ce ke da abin da za ta rasa da abin da za ta canza. Ga kuma tsawo: labarin da ya wuce kashi ɗari dole a tambaye shi nawa ne a ciki suka matsar da shi gaba. Wannan shi ne shirin da aka fi yaba wa da "akwai darasi", kuma shi ne ya fi nuna iyakar wannan awo.

Mai karatu na iya ƙin yarda da ni a kan duka huɗun, kuma haka nake so. Wanda ya ce Umar Hashim ba marar aibi ba ne, ya kawo kashin da ya yi kuskure ya ɗanɗana kuɗarsa, ya ci ni da hujja, ni da shi duka mun ƙaru. Da "ya haɗu" kawai na ce, shi kuma ya ce "bai haɗu ba", da babu inda za mu je sai zagi.

Kaduna ba baƙuwar wannan aiki ba ce

Garin nan yana da gadon da zai sa ya ja gaba. A Kaduna aka san Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, da Ƙasimu Yero, waɗanda suka yi wasan kwaikwayo a rediyo da talabijin tun kafin a san kalmar Kannywood, kuma dattawan da suka kalle su har yau suna iya gaya maka dalla-dalla abin da ya sa suka iya. Kamfanin Yakubu Lere na Kaduna ne ya fitar da *Wasila* a 2000. A Kaduna Ibrahim Sheme ya kafa mujallar *Fim* a watan Maris na 1999, wadda ta buɗe fagen rubutu a kan fina-finai da Hausa, masu karatu na aiko wasiƙu suna yabo suna suka. Tun 2018 kuma ana bikin baje kolin fina-finai na ƙasa da ƙasa a garin.

Akwai masana da suka yi aiki mai zurfi a kan fim ɗin Hausa, irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu da Dakta Muhsin Ibrahim, amma mafi yawan wannan nazari da Turanci yake, masu kallon kuwa da Hausa suke gardama. Giɓin ke nan. Kalmomin aikin muna da su. Duk wanda ya yi darasin Hausa a sakandare ya ji jigo da salo da zubi da tsari. Mun bar su a takardar jarrabawa ne kawai, ba mu taho da su majalisa ba.

Lambar da muke kwaikwayo daga waje ma ba tsirara take tafiya a can ba. IMDb na tara makin jama'a daga ɗaya zuwa goma, Rotten Tomatoes na lissafa kashi nawa cikin ɗari na masu sharhi suka yaba, amma a ƙarƙashin lambar akwai rubutun da ke bayani. Roger Ebert na Amurka, wanda aka sani da ɗaga babban yatsa ko kifar da shi, ya shafe daga 1967 zuwa 2013 yana rubuta sharhi a jaridar Chicago Sun-Times, har ya ci kyautar Pulitzer a 1975. Yatsan yana zuwa ne bayan an gama kawo hujja. Mu mun ɗauko yatsan mun bar hujjar.

Kafin ka furta lamba

Ba sai mutum ya je jami'a ba kafin ya yi sharhi mai amfani. Tambayoyi huɗu sun isa. Me babban tauraron labarin yake so, me ya tare masa hanya, kuma ka damu da ko zai samu? Wane kashi ne da za a cire shi babu abin da za a rasa? Maganar da ake yi a ciki, ka taɓa jin ɗan Adam yana magana haka a gidanku ko a kasuwa, ko kuwa kowa kamar yana karanta takarda? Idan ka kashe sauti na minti biyu, hoton yana ba ka labari, ko mutane ne kawai zaune a falo suna motsa baki? Wanda ya amsa waɗannan, makinsa ya samu ƙafafun tsayawa, ko uku ya bayar ko tara.

Masu shirya fim su ma suna da nasu rabon. Wanda ya ce kashi na arba'in bai ƙara komai ba, ya kalli arba'in ɗin ne kafin ya faɗa, ya ƙona datarsa da cajinsa a kan aikinka. Ya fi maka amfani a kan masoyi dubu da suka rubuta "Allah ya ƙara basira" tun bidiyon bai gama buɗewa ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Yau marubutan fim suna sauraron masu kallo fiye da kowane lokaci a tarihin masana'antar, don abincinsu a hannun masu kallo yake. Idan abin da suke ji daga gare mu lamba ce da kirari, za su ci gaba da ba mu dogon labari da jarumi mai wa'azi, don shi muka nuna muna saye. Idan suka fara jin "na ba shi shida saboda matar ba ta da bakin kanta", ko "na ba shi takwas saboda ban hango ƙarshen ba amma da ya zo na ga dole haka zai kasance", to wanda ke rubuta zango na gaba zai zauna da wannan a ransa. Kashi na gaba da ka kalla, ka ba shi duk makin da ka ga dama, amma ka ƙara kalma ɗaya a bayansa, "saboda", sannan ka ƙarasa maganar.